Fentin gwangwani ya rufe bindigar Baba har lamba, da me za a wanke shi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen maƙera, maharba da masu fenti na wannan zaure. Mahaifinmu yana da bindigar farauta ƙirar Brno mai ƙaramin harsashi .22, da lasisinta, ya mallake ta tun ƙasar da ta ƙera ta tana amsa sunan Cekoslobakiya. Da damina ta kankama sai ya ga ɗigon tsatsa ya fara fitowa a bututun, wani ya ce masa a shafe ta da fenti. Yaron da aka kira gida ya zo da gwangwanin fesawa, kore irin na kakin soja, ya bi ta tun daga baki har gindi: ƙarfe, ƙota, saiti, kusoshi, bai bar komai ba. Lambar jikinta yanzu sai ka karkata ta ga rana kafin ka gane 3 ce ko 8. Baba ko kallonta ba ya son yi. So nake fentin ya fita, baƙin rinin da ta zo da shi daga masana'anta ya tsira, ƙotar kuma ta koma launin itacenta. Da me zan fara?

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Samfefa mai laushi ka samu ka bi ta a hankali, kafin la'asar ka gama.

Direban Illela: Fetur kawai. Jiƙa tsumma ka goge.

Maƙerin Assada: Subhanallahi. Ɗana, kak ka bari samfefa ta kusanci ƙarhen ga, ko mai laushi ko mai kaushi. Baƙin da kaka gani bisa bututun ba kauri garai ba, shafa ɗaya ta samfefa sai ka ga hwarin ƙarhe ya leƙo, kuma in ya leƙo ya leƙo ke nan. Mun ga irin wagga ɓarna ba adadi. Garin neman gira a rasa ido.

Tsohon Soja: Kowa ya tsaya tukuna. Ɗan Mabera, kafin maganar tsumma ko tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi: ka zare gidan harsashi, ka ja sakatar baya, ka leƙa ɗakin harsashi da idonka, ka sa ɗan yatsa ka tabbatar. Sannan ka zare sakatar gaba ɗaya ka ajiye ta wani wuri, harsasai kuma su bar ɗakin da za ka yi aiki. Kada ka ce ai Baba ya ce babu komai ciki. Harsashin .22 ƙarami ne a ido, amma yana tafiya fiye da kilomita ɗaya kuma yana kisa. Na biyu, wannan koren launin shi kansa fitina ne a halin da muke ciki. Ka ɗauki bindiga mai launin kayan soja ka bi hanyar Goronyo ko Sabon Birni, kafin ka ciro takarda daga aljihu an riga an yi maka wani kallo. Gara da ka tashi cire shi.

Ɗan Mabera: Na gode Baba Soja. Sakatar tana cikin akwatin Baba tun jiya, gidan harsashin ma haka.

Hajiya ta Gawon Nama: Ni dai ba maharbiya ba ce, amma tukunya in ta yi baƙi ko cokali ya yi tsatsa, lemun tsami ko jiƙon tsamiya muke sa masa ya fito fes. Ba zai yi a nan ba? Ko ruwan kal?

Malamin Kimiyya: Hajiya, Allah ya ƙara girma, abin da ya sa yake yi miki aiki a madafa shi ne ainihin abin da ya sa zai kashe bindigar nan. Bari in ɗan tsawaita, don in aka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Baƙin da ke jikin bututun ba shafa shi aka yi ba. Fatar ƙarfen ce da kanta aka sauya. A masana'anta ana tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwan soda da wasu gishirori, zafinsa wajen digiri 140, sai saman ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin ya zama wata irin tsatsa baƙa mai kama jiki, ba ja mai cin ƙarfe da muka sani ba. Kaurinta bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba, wato silin gashin kai ɗaya ya ninka ta sau da dama. To duk abin da ke cin jar tsatsa yana cin baƙar, tunda dangi ɗaya ne: lemun tsami, tsamiya, ruwan kal, ruwan batir, da magungunan cire tsatsa da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Ka ɗiga ruwan kal ka bar shi ɗan lokaci, wurin zai koma fari fat, fentin kuwa yana nan daram, don tsami ba ya narkar da fenti.

Fentin gwangwani kuma wani abu ne daban, ɗanko ne da launi da aka narkar cikin sinadari mai tashi. Sinadarin ya bushe, ɗankon ya zauna. In ka mayar masa da irin wannan sinadarin sai ya sake narkewa. Tina da asiton suna narkar da ɗanko, amma ba ruwansu da baƙar tsatsar nan, ko kwana ta yi a cikinsu. Saboda haka a ɓangaren ƙarfe abin gudu biyu ne: tsami da kankara. A ɓangaren itace kuwa labari ya juye, amma wannan na bar wa kafintoci.

Hajiya ta Gawon Nama: To madalla, na ƙaru. Ashe da na sa an yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

Direban Illela: Malam, fetur ɗin fa? Ba ka ce komai ba.

Malamin Kimiyya: Fetur yana taɓa fentin da bai gama bushewa ba. Wanda ya sha rana ya ƙeƙashe sai dai ya sa shi danƙo-danƙo ya bar ka da wari. Ga tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya samo garwashin mai shayi ko murhun tsakar gida. Tina da asiton ma suna kama wuta nan take, amma aƙalla su suna yin aikin da aka ɗauko su dominsa.

Mai Fentin Mota: Tambaya ɗaya ba wanda ya yi, kuma ita ce ta farko a wajenmu. Ɗan Mabera, ka tabbata gwangwani ne? Don in yaron namu ne na gareji, ya zo da bindigar fesawa da kwamfuresa, ya haɗa fentin mota da hadina, sinadarin da ke ƙeƙasar da shi, to wannan in ya kama tina ba ta narkar da shi, sai dai ta ɗan dusashe shi. Na gwangwani kuwa iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai saurin bushewa, shi da ka taɓa shi da tina zai bi tsumma. Akwai mai maiƙo wanda ke daɗewa bai bushe ba, shi ba ya narkewa sosai, yamutsewa yake yi ya tattare sai ka ture shi. Gwaji: jiƙa auduga da tina ka ɗora a ƙarƙashin bututun ka ƙirga ashirin. In audugar ta koma kore shar, ka yi sa'a.

Ɗan Mabera: Gwangwani ne, na ga fankon a bayan ɗaki. Zan gwada audugar.

Mai Fentin Mota: To in ya ƙi, man birki. Duk mai mota ya san in ya zuba a jikin mota fenti tashi yake yi. Shafa, naɗe da leda, bar shi ya kwana.

Malamin Kimiyya: Oga, a nan ba na tare da kai. Gaskiya ne man birki yana tayar da fenti, amma yana da halin jan ruwa daga iska, shi ya sa ake cewa kada a bar gorarsa a buɗe. Ka naɗe bututu da shi dare guda yanzu da raɓa ba ta gama ɗaukewa ba, kana jiƙa ƙarfen da ka ce kana ceto. Kuma yana malala cikin ramukan kusoshi da wajen kunama inda ba za ka iya fitar da shi duka ba.

Mai Fentin Mota: Malam, ku a littafi kuke gani, mu a hannu. Shekara nawa muna tsoma ƙananan ƙarafa a man birki, ban taɓa ganin wanda ya ruɓe ba.

Malamin Kimiyya: Ƙarafan da kuke tsomawa ai wani fentin za ku sake fesa musu, ko sun yi ɗan tabo ba mai gani. Wannan kuwa fuskarsa ake so a gani tsirara. Ban ce haramun ba ne, na ce shi ne na ƙarshe a layi, kuma in an yi, a yi da rana ana kallo, a wanke shi da asiton, a bi da mai nan take.

Mai Fentin Mota: Wannan na yarda. Amma kada wani ya je ya sayo maganin cire fenti mai kauri irin na gwangwanin ƙarfe ya shiga ɗaki da shi. Wasu suna da sinadarin da ke sumar da mutum, mun sha ganin yara suna jiri a gareji.

Malamin Kimiyya: Ƙwarai. Masu ɗauke da metilin kulorayid ke nan. A Amurka tun 2019 aka hana sayar wa mutanen gida da shi saboda rayukan da ya ci. A duba jikin gwangwani kafin a biya kuɗi.

Bawan Allah: Ni fa ban gane ba. Ana fama da 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni da Rabah, mutane sun bar gonakinsu, ku kuma kun zauna kuna koyar da gyaran bindiga a fili. Wa ya san wanda ke karantawa?

Na Arkilla: Malam, ɗan ta'adda ne zai zauna yana lallaɓa ƙota da auduga?

Mai Kula da Zaure: A yi haƙuri da juna. Damuwar Bawan Allah tana da tushe, ba wanda abin nan bai taɓa ba. Amma maganar da ake yi ta wanke fenti ce, ba ta ƙera makami ko sauya shi ba. Duk wanda ya kawo tambaya irin waccan za a goge ta, shi ma a fitar da shi. A ci gaba.

Tsohon Soja: Tunda an taɓo nan bari in ƙara. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi, cikinsu har da masu harsashi 7.62 da .303, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na mallakar kai, irin bindigar farauta da ta iska, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai na ɗuri ta baki, irin harba-ka-ruga, su kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini. Ta Babanku tana gida na biyu. Lambar da ke jikinta ita ce ke cikin takardarsa, ranar sabuntawa ita za a duba. Don haka wajen lambar nan kada ƙarfe ya taɓa shi: ba allura, ba wuƙa, ba magagari. Lamba mai alamar kankara tambayoyin da za ta jawo sun fi na lamba mai fenti. Kuma aikin a yi shi a gida gaban mai lasisin, kada ka saɓa ta a babur kana yawon neman mai gyara, kai ba sunanka ke takardar ba. In abin ya kai ga kwance kunama ko wani gyara na ciki, wannan aikin mai izinin gyaran bindiga ne.

Af, wani abu kuma. Ba kowane baƙi ne rini ba. Tsofaffin bindigogin Mak 4 da 'yan sanda suka riƙe a da, da yawansu baƙin fenti ne aka gasa musu tun daga Ingila. Irin waɗannan in ka bi su da maganin cire fenti ka tafi da na asalin. Shi ya sa ake fara gwaji a ɓoyayyen wuri.

Maƙerin Assada: Brno dai rini na, na riƙa su da hannuna. Ɗana, raba ƙarhe da icce tukuna, shi na farkon aiki. Kusoshin da sunka riƙe ƙota suna ƙarƙashi. Amma hwenti ya cika bakinsu, in ka sa sukundireba hakanan sai ta zame ta yage maka kan kusa. Ɗiga tina ga tsagar, sa tsinken sakace ka ɗebe hwentin dut, sannan ka samo sukundireba wadda bakinta ya cika tsagar daidai. Kuma ka lura da wace kusa ta hito wane rami, ba tsawonsu guda ba.

Kafintan Rijiyar Ɗorowa: To an zo wajena. Ɗan Mabera, gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi: ƙarfen zai dawo, ƙotar kuwa sai an yi sa'a. Dalili, abin da masana'anta ta shafa wa itacen, banish ne ko makamancinsa, shi ma ɗanko ne ɗan uwan fentin. Tinar da za ta narkar da kore ba ta san inda kore ya ƙare banish ya fara ba. Asiton ya fi ta rashin kunya.

Abin da ke ba ka ɗan fata shi ne yaron nan na tabbata bai goge ƙotar ba kafin ya fesa. Ƙotar da ta shekara da shekaru tana shan gumin hannu da mai, fenti ba ya kama ta da kyau, zama kawai yake yi a kai. Don haka fara da abin da ba ya narkar da komai. Ka samu tsohon katin banki, ka kwantar da gefensa ka tura a hankali bin tsawon itacen, ba a gicciye ba. Sau da yawa sai ka ga yana ɓarewa. Inda ya ƙi, shafa kananzir ka ba shi lokaci, ba ya cin tsohon banish amma yana shiga ƙarƙashin fentin ya sassauta shi. In nan ma ya ƙi, sai sifirit a ɗan tsumma, shi ma bayan ka gwada a cikin kwarin da bututu ke kwanciya, don akwai irin shafen da sifirit ke narkarwa. Tina ita ce ta ƙarshe, kuma ba jiƙawa ba: taɓa, goge, ɗaga hannu. Wuri kaɗan kaɗan, kada ya wuce faɗin kwalin ashana.

Farantin roba na gindin ƙota ka kwance shi ka ajiye gefe, asiton yana narkar da wasu robobin su yi fari su yi laushi.

Na Arkilla: Duk wannan wahala? A kankare ƙotar gaba ɗaya a sake mata sabon banish mana.

Kafintan Rijiyar Ɗorowa: Ana iya kaiwa can, amma ba daga nan ake farawa ba. Yawancin irin waɗannan ƙotoci itacen fari ne aka ba shi launi. Ka kankare, launin ya tafi, ka samu ƙota fara sol wadda Baba ba zai gane ta ba. Kuma samfefa tana cinye gefuna, sai ka mayar da ƙarfe ka ga ya fi itacen tudu.

Sarkin Baka na Ƙauye: Ku 'yan birni da dogon turanci. Mu tamu ta gargajiya in ta yi dauɗa toka da ruwan zahi muka sa mata, mu shanya ga rana, mu shahe ta da man kaɗe. Ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Maƙerin Assada: Sarki, ranka shi daɗe, taku mu munka ƙera ta, mun san abin da ag gare ta. Bututun ruwa na ko sandar sitiyari, ba wani rini bisa gare shi da za ya lalace. Wagga ko aikin masana'anta ta, ba a yi mata wankan toka.

Malamin Kimiyya: Man kaɗe a ƙotar gargajiya ba laifi. Amma man gyaɗa, man ja da duk man girki kada su je kan ƙarfen nan ko cikin sakata. Suna daskarewa su yi danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Wanda bai samu man bindiga ba, man keken ɗinki ya wadatar. Baƙin mai na juye kuma a bar wa masu ƙofar ƙarfe.

Ɗalibi daga Dundaye: Don Allah in ɗan raɓu da tambayata. Tawa ta iska ce, ta harbin kurciya a gona, wani ya yi mata ɗigon jan fenti a kan madubin hange. An ce in sa sodar sabulu.

Malamin Kimiyya: Kada ka soma. Jikin madubin hange alminiyam ne, soda kuwa cin alminiyam take yi, baƙin zai tashi ya bar toka-toka. Sifirit a tsinken auduga, kuma kada ya gangara kan gilashin ko zoben roba. Sannan bindigar iska tana da nata sharaɗin: kada tina, kananzir ko wani mai mai kama wuta ya shiga ramin da iska ke fitowa. Matsin da ke ciki in an harba yana kunna shi yadda injin gas ke tashi, ya ƙona fatar fistin.

Hajiya ta Gawon Nama: Wannan asiton da kuke ta faɗa, ba shi ne ruwan goge jan farce ba? In shi ne ai ko a kantin kayan kwalliya akwai.

Malamin Kimiyya: Shi ne Hajiya, wannan karon kin harbo daidai. Sai dai a karanta kwalbar. Wasu an rubuta babu asiton a ciki, wasu an gauraya da ruwa da turare da mai don kada farce ya bushe. Don lunguna da wajen lamba ƙaramar kwalba za ta yi. Don bututu gaba ɗaya gara tina daga masu kayan fenti.

Ɗan Mabera, ga yadda zan yi in ni ne. Da sassafe, a inuwa, a fili inda iska ke wucewa. Asiton yana tafasa a digiri 56, a ranar Sakkwato kafin ka kai tsumma kan ƙarfe rabinsa ya tashi. Toshe bakin bututun da ɗan ƙyalle don narkakken fenti kada ya gangara ciki. Yanka farin tsumma na auduga, jiƙa, naɗa a tsawon taƙi ɗaya, rufe da leda don kada ya bushe, jira minti kaɗan, zare ka goge da sabon tsumma. Kullum sabon gefe, in ba haka ba kana mayar da koren ne. Lamba da rubutu, tsohon buroshin haƙori da tsinken itace. Safar hannu shuɗiya ta asibiti ba ta tare asiton, ka nemi mai kauri. Kuma ba sigari, ba janareta a kusa.

Ɗan Mabera: Salam. Ga inda aka kwana. Gwajin auduga ya yi, ta koma kore nan da nan. Na bi bututun yadda Malam ya ce, fentin ya fita, lambar ta fito tsaf, har wani ɗan tambarin zaki da lambobi biyu a gefensa da ban taɓa lura da su ba. Amma hankalina ya tashi: ƙarfen ya koma toka-toka, ba shi da sheƙi ko kaɗan. Ko na cinye rinin ne? Sannan inda tsatsar take tun farko tana nan, har ta fi da yawa.

Malamin Kimiyya: Kwantar da hankalinka, ba abin da ka cinye. Tina ta kwashe duk man da ke jikin ƙarfen ne, rini kuwa ba mai haka yake, busasshe. Shafa masa mai yanzu yanzu, kada ka bari ya kwana, za ka ga baƙin ya dawo a gabanka. A wannan halin ko shatin yatsa ka bari zai iya zama tsatsa kafin gobe.

Tsohon Soja: Zakin nan tambarin gwajin ƙasarsu ne, lambobi biyun kuma shekarar da aka gwada ta. Ka faɗa wa Baba, zai ji daɗi.

Maƙerin Assada: Tsatsa kuwa dole ta ƙaru, tunda bisa gare ta anka hwesa, ta samu rumfa tana ci daga ciki. Jiƙa wurin da mai shi kwana. Da sahe ka samu ɗan guntun jan ƙarhe, ko wayar wuta mai kauri ka daddale bakinta, ka turo tsatsar a hankali. Jan ƙarhe bai kai bututun tauri ba, shi ka cinyewa. Jan zanen da za ya bari mai na ɗebe shi.

Na Arkilla: Ko soson ƙarfe na wanke tukunya.

Mai Fentin Mota: Kai dai Na Arkilla sai ka ga bayan bindigar nan. Soson madafa kaushinsa ya kusa na samfefa. Wanda ake nufi shi ne mai laushi kamar auduga, mai lamba 0000, kuma cikin mai ake sa shi, hannu sakwa-sakwa. In babu shi a bi maganar Baba Maƙeri.

Ɗan Mabera: Na shafa man keke, wallahi baƙin ya dawo, Baba har ya karɓa ya jujjuya ta. Inda tsatsa ta ci akwai 'yan ramuka ƙanana, waɗannan na san sun zauna. Ƙota kuma katin ya ɓare fiye da rabi. Matsalar wajen zanen riƙo ce, inda aka yi ƙananan tsaga masu gicciye, koren ya shige ciki ya ƙi fita. Kuma a gefe ɗaya na ɗan taɓa da tina, wurin ya dusashe.

Kafintan Rijiyar Ɗorowa: Wurin da ya dusashe ka ƙyale shi ya bushe sosai, kada ka ƙara taɓa shi yana da laushi. Bayan kwana biyu ka ɗiga man linsid dafaffe, irin wanda ake shafa wa itace, a tafin hannu ka murza, ka goge ragowar, yawanci yana haɗewa da sauran. Tsumman da ya sha wannan man kada ka dunƙule shi ka jefa a kwali, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Shimfiɗa shi a ƙasa ya bushe ko ka tsoma a ruwa.

Zanen riƙo kuwa aikin zama ne. Kananzir, buroshin haƙori, ka bi layi ɗaya ɗaya ta inda tsagar ta nufa, sannan ka juya ka bi na gicciye. Abin da ya rage a ƙasan tsaga, tsinken sakace da aka ɗan tsoma a tina. Allura tana karya ƙananan tudun, kuma ba a mayar da su.

Sarkin Baka na Ƙauye: In ka gama kak ka maishe ta cikin kuben hwata ka aje. Hwata na riƙon danshi, ita ka kawo tsatsag ga tun farko. Rataye ta ga bango.

Tsohon Soja: Ban da rataya a bango, Sarki, gida ne mai yara. Akwati mai kwaɗo, sakata da harsashi a wani wurin daban. Amma maganar kube gaskiya ce. Kuma Ɗan Mabera, kafin a mayar da sakata ka ɗaga bututun ga haske ka leƙa ta baya, yaron da ya fesa saiti ba zai rasa fesa cikin baki ba.

Ɗan Mabera: Na leƙa, akwai kore kamar rabin gaɓar yatsa daga baki. In sa tsumma a waya in tura?

Maƙerin Assada: Ba waya ba, tana ƙarzar bakin, kuma bakin ga shi ka riƙe saiti. Zare mai ƙarhi za ka sako ta baya, ka ɗaura ɗan ƙyalle da tina, ka jawo shi waje ta baki. Ka canza ƙyalle har shi hito hwari, sannan ka bi da na mai.